Yadda ake karɓo mota ko babur daga furiyar

A Ƙonni, Malbaza da Illela, idan aka ce an kama wa mutum abin hawa, galibi hukuma ce ta kama: 'yan sanda a cikin gari, jandarmomi a kan hanya da karkara, ko 'yan duwan. Duk wanda ya taɓa leƙa furiyar, wato filin da hukuma ke ajiye ababen hawan da ta kama, ya ga babura jere cikin rana, tayoyi sun sace, kujeru sun tsage. Da yawa daga masu su laifinsu bai taka kara ya karya ba. Tsoro da rashin sanin ƙofar da za su bi ne suka sa suka bar dukiyarsu tana lalacewa.

Mataki na farko yana farawa ne tun a wurin kamun. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. Cikin ladabi ka tambayi laifin da ake tuhumarka da shi da ofishin da za a kai abin hawan. Kwashe kuɗinka da wayarka. Nemi izini ka ɗauki hoton motar gaba da baya, da batir, da safaya, da allurar mai. Idan an riƙe takardunka, ka nemi shaidar riƙewa a rubuce.

Na biyu, ka san irin kamun da aka yi maka, domin a nan mutane suka fi yin asarar kwanaki. Idan laifin hanya ne, irin su rashin permi, ƙarewar asiransi, rashin hular kwano ko lodin da ya wuce ƙa'ida, maganar tana hannun waɗanda suka kama, a ƙarƙashin dokar hanya ta 2014. Ka gyara abin da ya ɓaci, ka biya tara. Kamun duwan kuwa daban yake, kuma mu 'yan bakin iyaka shi ya fi cin mu. Saurayi daga Alela ko Bazaga zai tsallaka Illelar Najeriya ko Sakkwato ya sayo babur da sauƙi, ya yi ta kabu-kabu da shi wata da watanni bai biya kuɗin fito ba. Ran da aka tare shi, kwamishinan 'yan sanda ko magajin gari ba su da ikon sakar masa. Ofishin duwan zai nufa da takardar saye, a lissafa masa kuɗin fito da tara, a sasanta a rubuce. Kamu na uku shi ne na hatsarin da aka ji rauni ko aka rasa rai, kamar yadda ake gani a kan babbar hanya mai lamba 1 inda manyan motocin siminti da na albasa ke kai-komo. Motar da ta yi irin wannan hatsari ta zama shaida a shari'a, sai da umarnin mai gabatar da ƙara ko alƙali za ta fito. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya fitar maka da ita ta bayan gida, ƙarin matsala yake jawo maka.

Sai ka haɗa takardu: katin ɗan ƙasa, permi, kartigiri, asiransi mai rai, binyet, da takardar binciken lafiyar mota. Ka tafi da na asali da kwafinsu. Idan sunan da ke kan kartigiri ba naka ba ne, wanda kuwa haka yawancin baburan hannu suke, sai ka zo da takardar cinikin da hukuma ta buga wa hatimi, ko ka zo da mai sunan da kansa. Direba ya riƙo takardar wakilci daga uban gidansa. Duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe, ka tabbata ta yi daidai da ta takarda tun kafin a duba maka.

Wajen biya, ka nemi a rarrabe maka: nawa ne tara, nawa ne kuɗin ja idan an ja, nawa ne kuɗin ajiya. Kowane kuɗi ka karɓi kitansinsa mai lamba da kwanan wata da hatimi. Na san abin da ake cewa, wai ba da jaka biyu a hannu ya fi sauƙi. Amma kuɗin da ba kitansi bai shiga baitulmali ba, bai kuma goge laifin ba, gobe a shingen Tsarnawa ko Badagishiri za a sake tsayar da kai a kan abu guda. Ka guji dillalan da ke zaune a bakin ƙofa, ka shiga da kanka ko da wakilin ƙungiyarku ta direbobi.

Kafin ka sa hannu a littafin fita, zagaya motar ka gwada da hotunanka. In wani abu ya ɓata, a rubuta shi nan take. Ƙorafi ana kai shi ga shugaban ofishin, in bai yiwu ba a rubuta wa mai gabatar da ƙara na babbar kotun Ƙonni.

Idan kuwa lalacewa motar ta yi, mai gareji ya jawo ta, to wannan ciniki ne, kuma Nijar na da dokar kare masu saye tun 2015. Ku yanke kuɗin ja da na kwana a gaban shaida kafin a ɗaura igiya.

Inda ake cajin ajiya, kuɗin kullum ƙaruwa yake, abin da aka ƙwace ko aka yi watsi da shi kuma hukuma na iya yin gwanjonsa. Don haka, ɗan'uwa, in an kama yau, gobe da sassafe ka kasance a ofishin da takardunka a hannu.