Kafin Ka Sayi Na'urar Tace Iska

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta zube mana ita a Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci. A lokacin ne tari da asma ke tashi, masu ɗan hali su fara cigiyar na'urar tace iska a Kasuwar Sabon Gari. Na'urar tana da amfani, amma ba da ita ake farawa ba.

1. A fara da murhu. Hazo na wata huɗu ne, hayaƙin kara da itace da kashin shanu kuwa kullum uwargida na shaƙarsa, ga goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. A yi girki a tsakar gida ko a madafi mai taga, da busasshen itace, a kuma kawar da yara daga bakin wuta. In kuɗin na abu ɗaya ne, a ganina murhu mai tattalin itace ya fi cancanta.

2. A duba ɗakin. Na'urar ba ta aiki sai inda ake rufewa. Ɗakin kwano marar silin, iska na shiga ta ko'ina, asarar kuɗi ce kawai. A zaɓi ɗaki guda, na mai asma ko tsoho ko jariri, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

3. A nemi wadda aka rubuta HEPA a jikinta, ita ce ke kama ƙura mafi laushi. A guji mai fitar da iskar ozon, tana ƙara wa huhu ciwo.

4. A tambayi kuɗin matatar da ke cikinta tun kafin a biya, da inda ake samunta. Ana canza ta bayan wata 6 zuwa 12, a ƙurarmu ma ba lallai ta kai haka ba. Ƙananan na'urori na cin wat 20 zuwa 50, don haka a tabbatar batirin sola zai riƙe ta har asuba.

5. Wannan batun rai ne: matatar ba ta kama gubar da gawayi da janareta ke fitarwa, wadda ba ta da wari ko launi. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, ko da ɗakin mai jego ne, komai sanyi. Janareta kuma can waje, nesa da taga.

6. Gidan sauro ya fi maganin sauro na kunnawa, domin maganin ma hayaƙi yake cika ɗaki da shi. A yayyafa ruwa kafin shara, a yi sussuka da shiƙa a inda iska ba za ta kai ƙaiƙayi ɗakin kwana ba.