Motar da Mai Ita Ya Yi Nisa: Shawarwari Ga Mutanen Gida

Da an ɗaure damman gero, an tsince wake, an haƙe aya a gonakin Agye da Gazawa, sai garuruwa su soma rage maza. Wasu su nufi Kano da Legas, wasu Agadas da ramukan zinariya na Jado, wasu har Libiya da Aljeriya. Ga ma'aikacin da aka ɗauke daga Gidan Rumji aka kai shi Diffa, ga alhazai. Da yawansu kan bar mota ko babur a gida da zaton abin da ba ya tafiya ba ya lalacewa. A zafin ƙasarmu yana lalacewa, kuma galibi uwargida da ƙannen maigida ake barin wa ɗawainiyar, ba tare da an gaya masu abin da za su yi ba.

1. Makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kafin maigida ya tafi, ya faɗi sunan wanda ya ba amana a gaban mutanen gida, ya kuma faɗi abin da ya yarda a yi da motar: kai mara lafiya asibiti, ɗauko mai naƙuda da dare, zagayen da za a ambata a ƙasa. Wannan kariya ce ga uwargida. Idan ɗan'uwan miji ya zo ya ce, "Yaya, a ba ni makulli in kai amarya Cadawa," ba sai ta ji nauyi ba, sai ta ce maigida ya riga ya yanke magana, a kira shi a waya.

2. Batir ne ke fara mutuwa. Ko an kashe mota, agogo da rediyo da kwamfutar injin suna shan wuta kaɗan-kaɗan, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana ƙara zuƙe shi. Idan motar za ta wuce wata guda ba a taɓa ta ba, a kwance kan batir mai alamar ragewa da sufana, a kauce da wayar gefe yadda ba za ta taɓa shi ba. In tafiyar ta rani guda ce kuma babu mai tuƙa motar, a cire batir ɗin gaba ɗaya, a ɗora shi kan katako a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, a riƙa kai shi caji duk wata biyu. Batir ɗin da ya zauna babu wuta na watanni ba safai yake farfaɗowa ba.

3. A daina tayar da mota minti biyar kowace safiya. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, yaro ya shiga ya murza makulli, ya taka totur sau uku, unguwa ta ji ƙara, a ce ana kula da motar Alhaji. Amma minti biyar ba sa isa su cika batir. Injin kuma bai yi zafin da zai ƙone danshin da ke taruwa a cikinsa da cikin salansa ba, sai danshin ya gauraya da baƙin mai, salansa ta yi tsatsa daga ciki. Abin da ke amfani shi ne tuƙi na gaske: sau ɗaya a mako biyu, wanda ke da lasin ya hau kwalta ya yi rabin awa, kamar daga Agye ya kama hanyar Gazawa ya juyo, yana canja giya, yana taka burki, ya kunna na'urar sanyi in akwai. Idan babu mai yin haka, gara a cire batir a bar ta ta kwanta.

4. A duba inda za a ajiye ta da idon damina, ko da da rani aka tafi. Inuwar gawo tana da daɗi a watan Maris, amma gawo yana zubar da ganye da saukar ruwa, kuma lokacin da yake da ƴaƴa awaki kan haye bonet su kai ga reshe, kofatonsu su bi fenti. Ƙarƙashin bedi kuwa kashin tsuntsaye ne, shi ma yana cin fenti. Kada a jingina ta da katangar laka. Duk wanda ya ga daminar 2024 a jihar Maraɗi ya san yadda gini ke zubewa cikin dare ɗaya. Mutanen Tibiri da Gidan Rumji da ke kusa da Gulbin Maraɗi, da na bakin Gulbin Kaba, su nemi tudu. Rumfar kwano ko ta kara mai tsayi ta fi tamfal na leda, domin leda tana riƙe gumi, iskar hunturu kuma ta riƙa goga ta a jikin mota da ƙura a tsakani. In dole a rufe, a wanke motar, ta bushe, a sa yadi mai shan iska.

5. Mota ba rumbu ba ce. Ana ganin wuri a kulle sai a fara tura buhun gyaɗa, gobe na wake. Ɓera ya biyo hatsi, ya ƙare a wayoyin wuta, kuma neman waya guda da ɓera ya gutsire yakan cinye wa makaniki kwanaki, ya cinye wa maigida kuɗi. A share ciki tas, har ƙwayar da ta faɗa ƙarƙashin kujera. A toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓera da zanzaro, a rubuta takarda a ajiye kan sitiyari don a tuna a cire. A nome ciyawar da ke fitowa a ƙarƙashi, a buɗe bonet duk mako a leƙa.

6. Fetur yana tsufa. Cikin ƴan watanni a zafi sai ya yi tsami, ya bar danƙo a hanyoyinsa, na kwalba da ake kira ruwa-ruwa kuma ba wanda ya san abin da ya haɗu da shi a hanya. Idan tafiyar ta wata biyu ko uku ce, a cika tanki a gidan mai. Idan za ta wuce wata shida, a bar kaɗan, a zubar da shi ranar dawowa. Mai babur ya rufe famfon mai, ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa. A yi juyen baƙin mai kafin ajiya, kuma kada a bar ruwan rijiya a lagireto.

7. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan, a shimfiɗa katako a ƙarƙashinsu. Kada a ja burkin hannu, yana mannewa. A sa giya, a tokare da waigi ko dutse gaba da baya.

8. Takardun mota su zauna a akwati cikin leda, nesa da gara. A rubuta ranar ƙarewar asiransi a inda wanda ke tuƙa ta zai gani, don kada ya haɗu da jandarma da takardar da ta mutu.

9. Ranar da maigida ya dawo, kada murna ta sa a murza makulli nan take. A cire tsumman salansa, a leƙa ƙarƙashin bonet, a auna baƙin mai da ruwa da man burki, a duba tsagewa a gefen taya, a gwada burki a hankali cikin unguwa kafin a hau babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Wanda kuwa ya san zai shekara biyu ko fiye, kuma ba shi da wanda zai tuƙa masa, ni dai shawarata ya sayar tun tana tashi, ya zuba kuɗin a dabbobi ko fili, in ya dawo ya nemi wata.