Nasiha Ga Mai Neman Keken Alminiyam A Doha

Galibin 'yan'uwa da suke zuwa wurina neman shawara a kan keken tsere, tun ba su gama sallama ba sai su ɗaga keken da hannu ɗaya, su tambayi nauyinsa, alhali kuwa a ƙasar da tudunta mafi tsawo bai wuce mita 103 ba, wadda kuma hanyar kekenta mai kilomita 33 da ta nufi wajen Al Khor a shimfiɗe take daga farko har ƙarshe, nauyi shi ne abin da ya fi cancanta a jinkirta maganarsa. Ko gwanayen da suka yi gasar keke ta duniya a nan Doha a 2016, wadda Peter Sagan ya ci, iskar hamada ce ta tarwatsa su, ba hawan dutse ba.

Abin da na fi so mutum ya fara dubawa shi ne dacewar firam da ƙirar jikinsa, domin kuwa duk wanda ya sayi wanda ya fi ƙarfinsa tsawo, saboda kwaɗayin rangwame ko sha'awar launi, zai yi ta miƙa hannu yana neman kan keken har wuyansa da ƙugunsa su gaji, sa'an nan ya ɗora wa keken laifin da ba nasa ba. Lambar girman firam, 54 ko 56, da ake rubutawa ba hujja ba ce, tunda kowane kamfani da irin awonsa. A hau, a zaga, a ga ko gwiwar hannu tana ɗan lanƙwasa ba tare da tilas ba. Sirdi ana ɗaga shi, ana sauke shi, amma firam ɗin da ya yi yawa ba shi da magani, kamar takalmin aro ne.

Game da ƙarko, ya kamata a san ɗabi'ar ma'adinin. Nauyin alminiyam kusan sulusin na ƙarfe ne, taurinsa ma haka, shi ya sa ake faɗaɗa bututunsa domin ya tsaya da ƙarfinsa. Sai dai yana da wata illa, ita ce gajiya: girgizar hanya tana taruwa a cikinsa sannu a hankali, har wata rana siririn tsagu ya bayyana a bakin walda, musamman ƙarƙashin wuyan keken da wajen feda. Alminiyam nau'in 6061, wanda ya fi yawa a kasuwa, bayan walda sai an gasa shi a tanderu kafin ƙarfinsa ya komo, saboda haka idan ya tsage, kai shi wurin mai walda ɓarnar dukiya ce, wataƙila ma da kasadar rai. Mai sayen na hannu ya wanke shi tukuna, ya bi kowace walda da fitila.

Saura gishiri, wanda a ganina shi ne babban abokin gaba a wannan gari. Zufar bazara da raɓar teku suna shiga tsakanin alminiyam da kusoshin ƙarfe, su haifar da wani farin gari mai cin jikin firam, har sandar sirdi ta kafe, ta ƙi fita sai da zarto. A riƙa ɗauraye keke da ruwan daɗi bayan kowace fita, a zare sandar lokaci lokaci a shafa mata giris, a kuma kwance naɗin kan keke a duba abin da zufa ta yi a ƙarƙashinsa.