Yadda Mai Shayarwa Za Ta Sha Maganin Rashin Tattara Hankali

Larurar rashin tattara hankali da yawan kazar-kazar, wadda likitoci ke kira ADHD, takan bi mutum har ya manyanta. Maganin da aka fi sani a kanta shi ne methylphenidate, mai sunan kasuwa Ritalin ko Concerta, wanda ke zaburar da ƙwaƙwalwa. Abin da ke shiga nono daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da uwa ta sha ba, gwargwadon nauyin jiki. Dangin amphetamine, wasu magungunan wannan larura, sun fi shi shiga. Tunda abin da ke shiga daga methylphenidate kaɗan ne, ba dole ba ne a yaye jariri, muddin an bi waɗannan matakai.

1. A ga likita tun da ciki. Mazauna Kakuri, Narayi ko Sabon Tasha suna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa. Can za a tantance ko a ci gaba da maganin ko a dakata.

2. A karɓa da takardar likita kawai. Doka ta ƙayyade sayar da shi, don haka ba a sayensa a hannun masu talla, ba a kuma aron na wani.

3. A bari nono ya kankama. Maganin na iya rage sinadarin da ke kawo ruwan nono, musamman a makonnin farko na jego. Idan za a koma sha, a fara da mafi ƙarancin abin da ke aiki.

4. A daidaita lokaci. Nau'in maganin mai gajeren aiki yakan kai ƙololuwa a jini cikin awa 1 zuwa 2, don haka a sha da zarar jariri ya saki nono. Wannan dabara ba ta da tasiri sosai ga mai sakin kansa a hankali, irin Concerta.

5. A sa ido kan jariri. Yawan rigima, rashin barci, ƙin kama nono da tsayawar nauyi a katin awo duk alamu ne na a koma asibiti. Bakwaini da marar lafiya sun fi bukatar kulawa.

6. Uwa ta kula da kanta. Maganin na rage sha'awar abinci, yana kuma iya ɗaga hawan jini. Ta ci kafin ta sha, ta yawaita ruwa da kunun gyaɗa, ta rage goro da kofi, a riƙa auna jininta. Bugun zuciya da ƙarfi ko raguwar nono na bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.