Daidaita Ma'aunin Rediyo da Adana Kayansa

Hakimai da malamai sun sani, mudun da ba a gwada shi da na hukuma ba rigima yake jawowa a kasuwa. To, haka na'urar auna zangon rediyo take. Zafi da tsufa sukan sa ta kauce kaɗan kaɗan, har saƙon gaggawa ya faɗa zangon wasu, ya ɓace.

Saboda haka sai ma'aikaci ya kunna ta, ya bar ta kamar rabin sa'a ta ɗumama. Sa'an nan ya gwama ta da tashar da aka tabbatar da zangonta, kamar WWV ta Amurka, mai watsawa a megahaz 5, 10 da 15. Zai ji fito cikin akwatin rediyo. Ya riƙa murɗa sukurun gyara sannu sannu, fiton yana yin ƙasa, har ya ɗauke. Malami ya rubuta ranar a littafi.

Wayoyin haɗi kuwa, su aka fi wulaƙantawa. Kada a lanƙwasa su, a naɗe su da faɗi, a rufe bakinsu saboda ƙurar hunturu. In za a ajiye na'urar, a cire batir, gama ruwansa yakan ci ƙarfe.