Aikin Abin Bauta Hujja Ne? Wata Mas'ala A Littattafan Hindu

Darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ta daɗe tana wahalar da malaman addinin Hindu a ƙasar Indiya. Mas'alar kuwa ita ce, idan abin da mutum yake bauta wa ya aikata abin da ya hana bayinsa, me mabiyi zai kama, maganarsa ko aikinsa?

A cikin Mahabarata, babban littafinsu mai baiti wajen 100,000, an ba da labarin yaƙin kwana 18 a filin Kurukshetra. A rana ta 15 jarumi Durona ya gagari kowa. Sai Kirishna, wanda suke ɗauka abin bauta ne cikin siffar mutum, ya ba da shawara a gaya masa ɗansa Ashwattama ya mutu. Aka kashe wata giwa mai wannan suna. Durona ya tambayi Yudishtira, don ya san bai taɓa ƙarya ba. Shi kuwa ya amsa cewa Ashwattama ya mutu, sa'an nan ya ambaci giwar ƙasa-ƙasa. Durona ya ajiye makami, aka sare kansa.

Malamansu sun rabu. Waɗansu suka ce gaskiya da adalci, watau darma, abu ne mai wuyar ganewa, ƙaramin laifi kuwa yakan kare babba. Waɗansu suka bi littafin Bagawata Purana, inda aka kwatanta manya da wuta wadda take cin kome ba ta ƙazantu, aka kuma gargaɗi ɗan Adam kada ya kwaikwayi irin wannan aiki nasu. Mahatma Gandhi, wanda ya rasu a 1948, ya ɗauki yaƙin misali ne na gwagwarmayar alheri da sharri a zuciya.

Amma fa littafin da kansa bai wanke kowa ba. Keken yaƙin Yudishtira, wanda dā ba ya taɓa ƙasa saboda gaskiyarsa, nan take ya sauko. Sarauniya Gandari, wadda ta rasa 'ya'ya 100, ta la'anci Kirishna, bayan shekara 36 kuwa danginsa suka hallaka junansu.

Mai karatu sai ya lura. Duk wanda ya ce tun da babba ya yi, shi ma ya halatta gare shi, to, rabin labarin ya karanta.