Gashin Ido Mai Sukar Ido: Gargaɗi Kan Ciwon Amodari

Duk sa'ad da ma'aikatan lafiya suka shigo gari suna bi gida gida da 'yar tocila suna duba fatar idon mutane, sai ka ga tsofaffi mata suna sulalewa ƙuryar ɗaki. Wata ta ce kanta ke ciwo, wata ta aiko jika ya ce ta tafi unguwa. Abin da suke gudu shi ne a ce za a yi musu aiki, domin sun taso suna jin cewa ba a kai wuƙa kusa da ido. Saboda wannan tsoro aka rubuta takardar nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ciwon da ake farauta shi ne amodari. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba sammu ba ne, ba kuma gadon gida ba. Yara ƙanana ya fi kamawa, musamman 'yan shekara 1 zuwa 9. Yana bin kwantsa da majina, ƙuda ya ɗauka daga wannan fuska ya kai waccan. Uwa ta share wa ɗanta ido da gefen zane, an jima ta goge nata da shi. Yaro ya yi ciwon ya warke, baɗi ya sake, haka dai har ya girma ya manta. Amma fatar idon ba ta manta ba, domin kowane zuwa sai ya bar tabo a cikinta.

Ku dubi ƙirgin sa ranar da aka feɗe shi. Idan mai shi ya san aikinsa, zai shimfiɗa shi ya kafe gefunansa da turaku, ya bushe a miƙe. Idan kuwa ya yar da shi a rana ya tafi sha'aninsa, yau ba zai ga komai ba, gobe ma haka. Sannu a hankali sai gefe ya fara ɗagawa, ya takure, ya naɗo ciki, har ya ƙandare a haka. A sa'an nan ko ƙarti huɗu suka taru suna ja, ba zai koma ba. To, haka tabo yake yi wa fatar ido. Yana tsuke ta shekara da shekaru, bakinta ya lanƙwasho ciki, gashin da Allah ya dasa don ya tare ƙura ya juyo yana fuskantar ƙwayar ido. Kuma kamar yadda ba a miƙar da busasshen ƙirgi da lallashi, haka ɗigon magani da kwalli da tofi ba sa mayar da fatar da ta riga ta naɗe.

Daga nan azaba ta fara. Mutum yana ƙifta ido sau dubbai a yini, kowace ƙiftawa gashin yana kartar baƙin ido. Hawaye ba ya tsayawa, hasken rana ya zama abin gudu, hayaƙin murhu kuwa ba a magana. In aka bar shi, wurin da ake karta ya yi gyambo, gyambo ya zama hakiya, hakiya ta rufe gani. Ku lura da kyau, wannan makanta ba irin ta yanar ido ba ce da ake cirewa mutum ya wayi gari yana gani. Idan hakiyar amodari ta gama rufe ido, da wuya ƙwarai a dawo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin cututtuka masu yaɗuwa babu wadda ta kai amodari makantar da mutane, kuma mata sun fi maza makancewa da shi, har ya kan kai ninki 4, domin su ke ɗawainiyar yara.

Dabarar da iyayenmu mata suka daɗe da ita ita ce matsefata. Za ka ga tsohuwa ta ɗaure ta a bakin zane, ko ta rataya a wuya, in suka ta yi yawa ta kira jika ya tsige mata. Ta sami sauƙin 'yan kwanaki. Sai gashin ya sake tsirowa gajere mai tsini, wanda ya karye a tsaka kuwa ya fi na da kaifi. Ma'aikacin ido yakan yarda da tsigewa in gashin ɗaya ne ko biyu a can gefe, ya kuma nuna yadda za a yi. Wannan hukuncinsa ne bayan ya duba. Ba na jika ba ne, ba na wanzami ba.

Aikin da ake gudu kuwa, ga yadda yake. Ba a taɓa ƙwayar ido ko kaɗan, a kan fata kaɗai ake yi. Za a yi allurar kashe zafi a wurin, mutum yana farke yana jin maganar mutane. Ma'aikacin da aka horar zai ɗan tsaga fatar, ya juyo da bakinta waje, ya ɗinke. Ido ɗaya ba ya wuce kamar minti 20. A rufe da bandeji, a koma gida ranar, washegari a buɗe. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a dawo a cire zare in irin wanda ake cirewa ne. Wani lokaci gashin yakan sake juyawa bayan an yi aiki, shi ya sa ake cewa a dawo a duba. A lokacin gangamin aikin ido, gwamnati da ƙungiyoyi irin su Sightsavers da Helen Keller da Cibiyar Carter sukan ɗauki nauyin aikin kyauta a Nijeriya da Nijar. Wanda gangami ya wuce shi, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano, ga sashen ido na manyan asibitocin jihohi.

Yanzu bari mu juyo kan magidanta, domin a nan laifin ya fi nauyi. Malam, matarka ko mahaifiyarka tana tuƙa tuwo ido a runtse, an zo har ƙofar gida za a yi mata aiki ba ko kwabo, ka ce a bari sai bayan girbi. Girbi ya wuce ka ce sai bayan salla. Wace amsa ka tanada ranar da za a tambaye ka amanar da aka ba ka? Addini ya umurce mu da neman magani, kuma dogara ga Allah ba ta hana mutum tashi ya nema. In akuyarka ce ta kwana ba ta ci ba, da asuba za ka nemo malamin dabbobi. Ka ji kunya. Ranar da matar nan ta makance, 'yarka za ka cire daga makaranta ta zama 'yar jagora, asara ta zama biyu.

Rigakafin kuma ba boyayye ba ne. A wanke wa yara fuska da ruwa da sabulu kullum. A haƙa masai a rufe bakinsa, domin ƙudan da ke bin ido a kashin mutum da aka bari a fili yake hayayyafa. Kowa ya riƙe tandun kwallinsa. In an zo rabon maganin Zithromax, kowa ya sha. Da irin wannan Gana ta rabu da amodari a matsayin matsalar jama'a a 2018, Mali da Benin suka bi a 2023.

Akwai sauran larurorin fatar ido. Jaririn da aka haifa fatar ta sauko ta rufe baƙin ido, a kai shi likita da wuri, kada idon ya taso bai koyi gani ba. Babban da fatarsa ta faɗo farat ɗaya, da ciwon kai ko ganin abu biyu biyu, asibiti a ranar. Kumburin ido da safe tare da na ƙafa, a auna ƙoda, in mai ciki ce a auna jini.

Game da amodari kuwa, mai unguwa ya sa a yi shela, liman ya faɗa bayan salla. Duk gidan da ke da mai yawo da matsefata, a kai ta a duba ta cikin wannan mako. Allah ya sa mu dace.